Gilashin zum mai buɗewa sosai: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tsinto daga maganganun masu ɗaukar bidiyo na Agege, Idi-Araba da Mile 12 a Legas kan gilashin zum (lens mai kusanto da hoto) da ya dace da kyamarori marasa madubi (mirrorless).

1. Kusan kowa ya yarda a nemi gilashin da ke tsayawa a f/2.8 (ma'aunin buɗewar gilashi; ƙaramar lamba ta fi shigar da haske) daga farkon zum har ƙarshensa. Wanda ke sauka daga f/3.5 zuwa f/5.6 yana duhunta hoto ana tsaka da ɗauka, kuma ɗakunan biki da dare ba su da wadataccen haske.

2. Masu kyamara mai babbar sensa (ɓangaren da ke karɓar hoto) sun fi ambaton gilashin 24-70mm. An rabu kan kuɗi: wasu sun ce Sony GM II, wasu sun ce Tamron 28-75mm ya wadatar, a sayi fitila da ragowar. Ni ma nan na karkata.

3. Masu kyamara mai ƙaramar sensa (APS-C) sun yaba Sigma 18-35mm f/1.8 wajen haske, amma yana da nauyi, gram 810, kuma sai da adafta kafin ya hau kyamara marar madubi. Masu aiki da gimbal (mariƙin da ke hana kyamara girgiza) sun ce hannu na gajiya. Wasu sun zaɓi Tamron 17-70mm f/2.8 saboda yana rage girgiza.

4. Da rana a waje sai da filtar ND, wadda ke rage hasken da ke shiga gilashi.

5. Sayen gilashi na hannu (tokunbo) a kasuwar Computer Village, Ikeja: a tafi da kyamara a gwada fokas, a haska tocila a duba fumfuna. Danshin Legas na ɓata gilashi, don haka a ajiye shi da silika (ƙwayoyi masu tsotse danshi) a akwati mai rufi.