Tambaya kan ma'anar "put off" da yadda ake amfani da shi

Ɗaliba mai shirin jarrabawar WAEC:
Assalamu alaikum, malamai. A wata sanarwa na karanta "The meeting has been put off until Monday", na kuma fahimci cewa an ɗage taron ne zuwa Litinin. Sai dai a wani labari na ci karo da "The smell put me off the food", inda babu maganar ɗage komai. Shin ma'ana biyu ke gare shi, ko kuwa ni ce na rikice?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam. Ba ki rikice ba, ɗiyata. Ki riƙa duba abin da aikin ya faɗa wa. Idan taro ne ko tafiya ko biki, ma'anar ita ce ɗagewa zuwa wani lokaci, daidai da "postpone", wanda shi ya fi dacewa da wasiƙar ofis. Idan kuwa mutum ne, to an sa wani abu ya fita daga ransa, kamar yadda wari ya sa mai maganar ya kasa kai loma baki a misalinki na biyu. Inda na fi ganin ɗalibai suna faɗuwa shi ne wajen ginin jimla. Idan aikatau ya biyo baya, dole ya ɗauki "-ing", wato "He put off going to the hospital", ba "to go" ba. Wakilin suna kuma a tsakiya yake zama, a ce "put it off". Ko a lokacin da ya wuce "put" ba ya canza siffa.

Wani ma'aikacin ofis:
Allah ya ƙara basira, Malam. Ina so in ƙara da cewa kada a haɗa shi da "call off". Na taɓa rubuta "called off" a sanarwar taron da aka ɗage da mako guda kawai, ranar taron kujeru suka kasance wayam, domin kowa ya ɗauka an fasa ne gaba ɗaya.

Ɗaliba mai shirin jarrabawar WAEC:
Na gode ƙwarai. To yaya batun "put off the light" da muke yawan ji a gida?

Malamin Turanci:
Za a gane nufinki, amma a takardar jarrabawa ki rubuta "turn off" ko "switch off" ga fitilar lantarki. Idan wutar murhu ce ko kyandir, "put out" ake cewa.