Gwajin lafiyar masu son tuƙa jirgin soja: waɗanda suka taɓa zuwa, me kuka tarar?

Ɗan Kurna

Assalamu alaikum. Ni a Kurna na tashi, kuma duk ɗan unguwarmu ya san ƙarar jiragen L-39 na makarantar koyon tuƙi ta 403 da ke nan Kano. Tun muna firamare, in suka taso sai mu bar ƙwallo mu ɗaga kai. To bana na cike fom ɗin NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, na zaɓi sojan sama. Karatu ba ya ba ni tsoro, gudu ma ina yi kullum bayan asuba. Gwajin lafiya ne ya tsaya mini a rai. A majalisa kowa da tasa: wannan ya ce in dage da cin karas, wancan ya ce zoɓo. Don Allah wanda ya shiga da ƙafarsa, ko ɗansa ko ƙaninsa, ya faɗa mini abin da ya gani. Ban da "an ce".

Abban Fagge

Wa alaikumus salam ƙanina. Bari in fara, tunda ni na faɗi a inda ban taɓa zato ba.

Allon haruffan nan da ake karantawa daga nisan mita 6, na sauke shi har ƙasa, ido biyu 6/6, har ina jin kaina. Sai aka zaunar da ni gaban wani likita, ya buɗe ɗan littafi. Kowane shafi da'ira ce cike da ɗige-ɗige kala-kala, kamar an watsa gero da dawa a faifai. Shafin farko na ga 12 ɓaro-ɓaro, na faɗa. Ya ci gaba da buɗewa, ba ya barin shafi ya wuce daƙiƙa 3. Wani na ce 21. Ya ɗago ya dube ni, ya yi rubutu. Wani shafin kuma ban ga komai ba sai ɗige. Daga baya na san inda na ce 21 ɗin, 74 ne a idon kowa.

Littafin Ishihara ake kiransa, sunan likitan Japan da ya fito da shi a 1917, cikakkensa shafi 38 ne. Masu kasa bambance ja da kore yake kamawa. Da na dawo ina ba Hajiyarmu labari sai ta tafa hannu ta ce, "Ai Kawunka ma haka yake! A Kwari in an ce ya miƙo shadda koriya sai ya miƙo ruwan ƙasa, yaran shago su yi ta dariya." Ashe gado ne, ta wajen uwa yake biyo ɗa namiji, kuma babu karas ko tabarau da zai canza shi. Shekarata 20 ban sani ba. Da na sani da ban kashe kuɗin mota da shekara guda ina mafarki ba. Ka fara zuwa asibitin ido, ko na ECWA ko sashen ido na Malam Aminu Kano, ka ce a gwada maka ganin launi. Minti 5 ne.

Sarkin Dabara

Yaya Abba ai littafin nan yana intanet. Mutum ya haddace lambobin a jere mana, kamar yadda muke haddace karatun allo.

Abban Fagge

Ba a jere yake buɗewa ba, tsallake yake yi ya dawo baya. Ko ka tsallake wannan, akwai gwajin fitilu. Sannan ka tuna fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama koriya, da su ake gane inda jirgin da ke gabanka ya dosa da dare. Ranar nan wa zai ba ka satar amsa?

Anti Nas

Ɗana Ɗan Kurna, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na raka ɗan yayata wannan hanya, don haka zan faɗi na ɓangarena.

Yaron nan lafiyarsa ƙalau, amma ranar da na fara auna shi a gida, wata 3 kafin tafiya, awon hawan jininsa 146/92. Na tambaye shi me ya ci. Ashe saboda karatun dare yana shan kofi kofi biyu, ya ɗora lemon ƙara kuzari, ya saci goron kakarsa. Ga shi da ya ga an ɗaura masa abin awo zuciyarsa take bugawa. Muka daina duk wannan, kullum da yamma in auna shi bayan ya zauna minti 5, har abin ya zame masa jiki. Ya dawo wajen 120/80. Daga 140/90 zuwa sama ne likita yake fara ɗaga gira, to kada tsoro da shayi su kai ka can a banza.

Sai fitsari. Ana neman suga, furotin da jini. Matasa suna kuskuren yin gudun fitar rai ana gobe gwaji, alhali wahalar motsa jiki takan sa furotin ko ɗan jini ya fito a fitsari na ɗan lokaci. Ka sassauta kwana 2 kafin ranar, ka sha ruwa daidai misali.

Na uku, kuma wannan da babbar murya: kada ka shiga kemis ka sayi maganin mura ko na tari da kanka a makon gwaji. Wasu suna ɗaga jini, wasu suna rikita gwajin ƙwaya. Tiramadol da kodin kuwa ba sai na faɗa ba, tun 2018 gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. In likita ne ya rubuta maka magani, ka tafi da takardar ka nuna.

Mai Injin Dakata

Ni kunne ne ya kusa kayar da ni. Injin markaɗe na babanmu nake tsaye a kai tun ina JS 2, in na tashi kuma iyafis a kunne har barci. A wajen gwaji ɗaki ne ƙarami kamar akwati, a sa maka hedifon, a ba ka maɓalli, in ka ji "tiii" ka danna. Sautin yana ta siririncewa har ka rasa ko ji kake ko zato. Da na yi na gwaji a nan Kano, mai awon ta nuna mini takardar, layin ya yi rami a wajen siririn sauti na 4000 Hz, ta ce nan ne ƙarar inji take fara ci. Ta kuma leƙa ta ce kunnen dama cike yake da datti. Aka wanke, na bar injin da iyafis, da na koma layin ya ɗan tashi. Ta ce abin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, amma gajiyar kunne ta kwana ɗaya takan warware, shi ya sa ake son mutum ya nisanci ƙara aƙalla awa 14 kafin awo. Kada ka kwana kusa da janareta ko ka je gidan biki gaban sifika. Kuma ka bar sosa kunne da tsinken ashana.

Baba Ritaya

Yarana sannunku. Ni makaniken jirgi ne, na yi aikina na gama lafiya, ban taɓa tuƙi ba amma na ɗaura wa matuƙa bel ba adadi. Ku fahimci abu guda: tantancewar shiga daban, ta masu tashi sama daban. Ta farko kowa ake yi wa, ana duba ƙaba, gwaiwa, basir, gwame, tafin ƙafa, hoton ƙirji saboda tarin fuka, jini saboda ciwon hanta da ƙanjamau. Wanda aka ware don tuƙi sai a sake bin sa da kyau, har da awon bugun zuciya, kuma ba a daina duba shi har ya ajiye aiki.

Abin da yara ba sa tunani shi ne awon zaune. Za a zaunar da kai a jingine a auna daga mazauni zuwa ƙoƙon kai, a auna daga baya zuwa gwiwa. Dalili kujerar tsira ce. Jirgi irin L-39 in ya lalace a sama, kujerar ce take harba matuƙi waje, in cinyarka ta cika tsawo gwiwa za ta daki allon gaba. Na ga dogo kyakkyawa kamar shi ya yi kansa, aka ce jirgin yaƙi ba nasa ba ne.

Sai haƙori. Iskar da ta maƙale a kogon haƙori ko ƙarƙashin tsohon ciko tana kumbura in an yi sama. Na taɓa ganin ƙato ya sauko yana riƙe da muƙamuƙi, hawaye na zuba. Haka kunne: za a ce ka toshe hanci, ka rufe baki, ka hura a hankali, likita yana leƙen ko dodon kunne ya motsa. Mai mura ba ya iyawa, ku kuma Kanawa in hunturu ya shigo kowa hancinsa a toshe. Ku nemi takunkumi tun ƙura ba ta taso ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Kurna

Allah ya ƙara girma Baba. Akwai wani a unguwarmu da ya ce in kawo kuɗi yana da mutum a ciki da zai gyara sakamako. Ya ce haka kowa yake yi.

Baba Ritaya

Ka riƙe kuɗinka ka ciko haƙori da shi. Likita ɗaya ne zai duba ka? In ya saye na yau, na baɗi fa, da na shekarar da ke bayanta?

Maman Haidar

Ɗan Kurna ka ji maganar Baba, mu mun ba irin wannan mutumin kuɗi, har yau wayarsa a kashe. Amma ba shi ne ya fi ƙona mini rai ba.

Lokacin da yarona zai shiga sakandare mun yi masa gwajin jini a wani ɗan ɗakin gwaji na unguwa, aka rubuto AA. Na ajiye takardar a ƙasan akwati shekara 6. Da ya je tantancewa aka ce AS ne. Ya kira ni yana kuka, ni kuma ina rantsuwa ga takarda a hannuna. Da ya dawo muka je babban asibiti aka maimaita, AS ɗin ne. Likitan ya zaunar da mu ya ce mai AS lafiyayye ne, ba sikila yake da ita ba, kuma kusan mutum 1 cikin 4 a ƙasar nan haka yake. Sai dai can sama iskar shaƙa tana ƙaranci, kuma a irin wannan hali jinin mai AS yakan iya lanƙwashewa ya toshe saifa, shi ya sa likitocin jiragen sama ba sa wasa da shi. Yanzu yana BUK yana karanta injiniya, ya haƙura, amma in jirgi ya wuce har yau sai ya yi shiru. Ku yi gwajin sau 2, a wuri 2 daban, kuma manya.

Sarkin Dabara

Amma Mama ai Amurka tun shekarun 1980 ta sassauta wa masu AS a rundunarta. Bai kamata yaro ya fasa nema saboda wannan ba.

Anti Nas

Ba wanda ya ce ya fasa. Kowace ƙasa da ƙa'idarta, kuma hukuncin na likitocin rundunar ne. Abin da Maman Haidar take nufi, ya san jininsa tun yana gida, kada ya fara ji a bakin baƙo.

'Yar Gwale

Ku yi haƙuri in sa baki, don mu ma muna ciki. Tun da na ga an liƙa wa Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile fiffike, alamar zama matuƙan jirgin soja, a Oktoban 2019 na ƙudura. Ni ƙarancin jini aka samu a awon da na yi na share fage, da rashin nauyi. Ana raba nauyinka a kilo da tsawonka sau tsawonka a mita, in ya gaza 18.5 ka cika rama, nawa 17 da ɗoriya. Likita ta ba ni maganin ƙarin jini, Umma kuma ta sa ni gaba da hanta, wake da zogale. Wata 4 kafin ya daidaita. 'Yan'uwana mata, a gaya wa mai karɓar fitsari in ana al'ada, don jinin yakan shiga ya ɓata sakamako. Kunya ba ta da amfani a nan.

Ɗan Kurna

Na dawo da rahoto. Litinin na je asibitin ido, na karanta Ishihara duka, alhamdu lillahi, sai da na tuna Yaya Abba da aka zo kan 74. Kunne an ce lafiya. Haƙori kuwa Baba kamar ka gani, turmi ɗaya na ƙasa ya yi rami ban sani ba, an ba ni ranar ciko. Jini na farko 138/86, da na huta aka sake ya sauko 124/80, Anti na bar kofi. Ciwon hanta babu, an fara mini rigakafi, allura 3 ce, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Jinotayif na farko AA, na biyu sai Alhamis, Mama ki sa ni a addu'a. Mutumin unguwarmu na ce masa Baba ya hana. Likitan ido ya ce in koma Laraba za a ɗiga mini magani a duba cikin idon.

Abban Fagge

Masha Allah ƙanina. Larabar nan kada ka je a babur ɗinka. Maganin yana buɗe ƙwayar ido, awanni za ka yi kana gani dishi-dishi, rana kuma kamar ana soka maka allura. Ni da ƙyar na gane adaidaitar Fagge. Ka tafi da baƙin tabarau da ɗan rakiya.