Tsutsar tumatir: me za mu kira "leafminer" da Hausa?

'Yan uwa masu fassara da malaman gona, ku taya ni da wannan. Ina rubuta takardar wayar da kai ga manoman rani, sai kalmar Turanci "leafminer", wato tsutsar da ke cin ganye ta ciki, ta tsaya mini a wuya.

Ƙwaron da nake magana a kai kun san shi. Shi ne ya cinye tumatir a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, kamfanin Dangote da ke Kadawa kuma ya dakatar da aiki don rashin tumatir. Asalinsa Kudancin Amurka ne. A 2006 aka fara ganinsa a Sifen, daga nan ya bazu ƙasashen bakin Bahar Rum, ya gangaro mana. Sunansa na kimiyya Tuta absoluta, kuma ku lura, Bahaushe na jin "tuta" ƙyallen da ake kafawa zai tuna. Manoman Kura da Kadawa suna ce masa "sharon". Ban raina wannan suna ba, ya kama baki, amma na ƙwaro ɗaya ne. Ni kuwa sunan dukan jinsin nake nema, don lemo ma yana da nasa mai irin wannan ɓarna.

Wani malami ya ce mini in sa "mahaƙin ganye". Fassara ce daidai, sai dai kunnena ya ƙi ta. Haƙa a ƙasa ake yi, rijiya ko ma'adini. "Tsutsar ganye" kuma ta yi faɗi, ta haɗa har da masu gaigayar ganye daga baki.

Ku ɗauko ganyen da ya kamu ku ɗaga shi saitin rana. Fatar sama na nan, ta ƙasa na nan, naman tsakiya ne babu. Sai wani farin tabo shara-shara, da baƙin kashin tsutsar a gefe, ita kuma tana kwance ciki. Shi ya sa feshi ke wuce ta. Uwar, 'yar faɗa-wuta ce ruwan toka da ba ta kai santimita ɗaya ba, da rana tana maƙale, da dare take fita, kuma mace guda kan saka ƙwai har 260. Tsutsar na ƙyanƙyashewa ta shige ganye, ta sake fata sau uku, daga baya ta huda 'ya'yan tumatir ɗin ma, sannan ta kwanta a ƙasa ko cikin ganyen ta rikiɗe. Da zafi, wata ɗaya ya ishe ta kammala wannan zagaye.

Wannan aikin muna da kalmarsa: rarakewa, yadda gara ke yi wa azara. Don haka na tsaya a kan "rarake-ganye", ginin "ƙare-dangi" da "ɓata-gari". Sai a ce sharon rarake-ganyen tumatir ce.

Na gwada wa kawuna, ya shekara talatin yana noman rani. Ya juya ganyen a hannu ya ce, "Ai kuwa ɗana, rarakewar take yi."

Mutanen Maraɗi da Damagaram, me kuke ce mata a lambunanku? In kuna da suna, ku kawo kafin in kai takardar wurin bugawa.