Don Allah a ba ni shawara: gobe za a kulle gari, kuɗin adashi ne kaɗai a hannuna

Maman Ummi, Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, kaina ne ya ɗaure tun jiya da aka ce gwamna ya sa dokar kulle ta kwana bakwai a Kano saboda cutar korona, daga ƙarfe goma na daren gobe Alhamis, 16 ga Afrilu, 2020. Baban Ummi tsaron shagon wani yake yi a Kwari, abin da aka sallame shi da shi da yamma shi ne cefanen washegari. Da yana da teburinsa na kansa, wani abokin harkarsa ya karɓi kaya ya tafi da kuɗin, har gaban alƙali an je, dangin mutumin suka zo ban haƙuri, aka ce a bar wa Allah. Tun daga nan bai miƙe ba. Ni ɗinki nake yi a gida, kuma muna adashi da matan layinmu, mu goma, dubu huɗu-huɗu duk wata. Wannan watan ni na kwasa, dubu arba'in. Niyyata in canza kan kekena, don na aurena ne, tsinke zare yake yi, mai gyara ma ya ce ya gaji da ganina, ga ɗinkin sallah na tafe. Yanzu ga wannan abu. A sito ba mu da komai sai ragowar masara da ba ta kai kwano uku ba. Hajiya mahaifiyarsa tana wurinmu, ga Auta ƙaninsa shi ma ya dawo. Baban Ummi bai san ni na kwasa ba. In sayi buhun shinkafa ne ko masara? Ko in sayi na kwana bakwai kawai in ɓoye sauran? Ga azumi saura kwana tara ko goma.

Ummu Aisha: Wa alaikumus salam. Ku nawa ne a gidan? Ba ki faɗa ba.

Hajiya Maman Walid, Kaduna: Ƙanwata, ki saurare ni da kyau, don mu a Kaduna tun 26 ga Maris muke kulle, mun riga ku shan wannan ruwan. Cire maganar kwana bakwai daga ranki. Legas da Ogun da Abuja mako biyu aka ce musu ranar 30 ga Maris, shekaranjiya Buhari ya ƙara musu wasu biyun. Ku ma haka za a yi muku, ki rubuta ki ajiye. Maganar keke kuma ki manta da ita, wa zai kawo ɗinki alhali ko Idin ma ba a san za a yi ba? Kada ki taɓa buhun shinkafa, tun da aka rufe boda a watan Agustan bara ta zama abincin masu hali, buhu ɗaya zai cinye miki rabin kuɗin. Masara da gero da wake za ki saya, a Dawanau in da hali, ba a shagon unguwa ba. Abin da mutane ke mantawa shi ne inji. Mu nan a makon farko akwai masu masara buhu-buhu a ɗaki amma babu tuwo, don mai niƙa ya rufe. Yau ɗin nan a surfa, a wanke, a shanya, gobe da sassafe a niƙo. In an kawo garin kada ki ɗaure shi da zafinsa, ki baza a kan tabarma ya sha iska, in ba haka ba zai yi gumi ya yi wari. Wake ki watsa masa busasshen barkono saboda ƙwari. Miya kuma kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da kauɗa. Ɗanyen tumatir ba ya kwana uku a zafin nan. Na gama magana.

Maman Ummi, Kurna: Mu takwas ne har da Auta. Na gode Hajiya, amma yarana ba sa cin tuwo da rana, ko na yi sai dai ya kwana. Kuma Dawanau yau ba ta shiguwa, maƙwabciyata ta dawo ta ce ko wurin sa ƙafa babu, ɗan adaidaita ma ninka mata kuɗi ya yi.

Hajiya Maman Walid, Kaduna: Yunwa ba ta kama su ba ne. Nawa ma haka suke cewa, yanzu har ɗumame suke rigima a kai.

Anti Mai Awara: Ni dai abin da ke ci mini rai, an ce mu zauna a gida, to mu ci me? Ni sai na soya awara a ƙofar gida da yamma ake samun na kalaci. An ce akwai tallafi, jiya wani ya zagayo layinmu da littafi yana rubuta suna, gidajen 'yan uwansa kawai ya shiga. Ni da nake riƙe da marayu huɗu ko kallon ƙofata bai yi ba. Allah ya isa.

Ummu Aisha: Anti ki bari kawai. Mu malaman makarantun kuɗi tun da aka rufe makarantu a Maris ko sisi ba mu gani ba, mai makarantar ya ce iyaye ba su biya ba. Maman Ummi, ni ban goyi bayan ki zuba kuɗin nan duka a hatsi ba. Ki riƙe ko dubu goma a hannu. Yaro zai iya tashi da zazzaɓi cikin dare, mai kemis ba zai karɓi masara ba.

Hajiya Maman Walid, Kaduna: Kuɗi a hannu ranar kulle takarda ce. Duk ranar da aka buɗe mana nan, kwana biyu a mako, sai mun tarar kaya sun ƙara kuɗi. Dubu gomanta ta yau ba za ta sayi abin dubu goma ba a mako mai zuwa.

Sista Maman Hanif: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Kowa ya tafi kan abinci, ni kuma kalma ɗaya ce ta tsaya mini. Maman Ummi, daga ina Auta ya dawo, kuma yaushe? A ina yake kwana? Hajiya shekarunta nawa, tana da wani ciwo?

Maman Ummi, Kurna: Daga Abuja, kayan waya yake sayarwa a can. Ranar Lahadi ya shigo, a motar kaya, wani wurin kuma a babur ta cikin daji saboda an rufe iyakar jiha. Lafiyarsa ƙalau wallahi, ko tari ba ya yi, 'yar gajiyar hanya ce kawai. A ɗakin Hajiya yake kwana don shagon ƙofar gida an ba ɗan haya. Hajiya ta haura saba'in, tana da suga da hawan jini, amma da sauƙi.

Sista Maman Hanif: To 'yar uwa, wannan ita ce maganar, ba shinkafa ba. Mutum yana iya ɗauke da korona har kwana goma sha huɗu kafin alama ta fito, wani ma ba za ta taɓa nuna masa ba, amma yana shafa wa na kusa da shi. Waɗanda ta fi kayarwa su ne tsofaffi da masu suga da hawan jini, Hajiya kuma ta haɗa duka ukun. Wanda aka fara samu a Kano ranar Asabar 11 ga wata tafiya ya yi ya dawo. Ban ce Auta yana da ita ba. Cewa na yi ya bar ɗakin nan yau, ya cika kwana goma sha huɗu daga ranar Lahadi, da kwanonsa da kofinsa da butarsa daban. In zazzaɓi ko busasshen tari ko sarƙewar numfashi ya taso, a kira lambar NCDC, wato hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ko ta kwamitin jiha, kada a sa shi a adaidaita ana yawon kemis. Sannan kafin hatsi, ki fara sayen maganin Hajiya na wata guda, da sabulu mai yawa. Tunda ke tela ce, ki ɗinka takunkumi mai ninki biyu da ragowar atamfa, ki ba shi ya riƙa sawa in zai fito tsakar gida.

Maman Ummi, Kurna: Sista, ɗaki uku ne da mu. Namu, na yara, na Hajiya. Ina zan kai shi? Kuma ni surukar gida ce, da wane baki zan ce wa Hajiya a raba ta da autanta? Matar da tun zuwansa kwano ɗaya suke ci, ita ke tsame masa nama daga nata. Dama can ana cewa na mallake mata ɗa. In na furta wannan, har in mutu ana ba da labarina a dangi.

Amaryar Ɗorayi: Ni fa ban yarda cutar nan tana rayuwa a zafin Kano ba. Wa kuka sani da idonku da ya kamu, in ba manya masu hawa jirgi ba? Ki dafa masa citta da tafarnuwa da lemon tsami, ki ba shi habbatus sauda da zuma. Maigidana ma ya sayo kulorokwin ya ajiye mana.

Sista Maman Hanif: Don Allah kada a sha kulorokwin haka kawai. A watan jiya sai da hukumomin lafiya na Legas suka yi gargaɗi, saboda an kwantar da mutanen da suka ɗirka shi bayan Trump ya yabe shi a matsayin maganin korona. Yana taɓa bugun zuciya. Citta da zuma ki sha abinki, amma ba rigakafi ba ne. Batun zafi kuwa, Saudiyya ba ta fi mu sanyi ba, ga shi an dakatar da Umara.

Hajiya Maman Walid, Kaduna: Amarya, gwamnanmu da bakinsa ya ce ya kamu, ke kina nan kina lemon tsami. Maman Ummi, abin mai sauƙi ne. Yara su koma ɗakinku, Auta ya shiga na yara. Kuma ba ke za ki faɗa ba, mijinki za ki zaunar yau da dare, shi ya gaya wa uwarsa. A nan ne za ki gaya masa maganar adashin ma. Mace ba ta ɓoye wa miji kuɗi a irin wannan rana, gobe ya ga buhu a sito ya tambaye ki daga ina, ki ce me?

Maman 'Yan Biyu: A'a Hajiya, a nan kam ban bi ki ba. Ni na taɓa nuna wa nawa kuɗin adashi, ya ce aro, shekara biyu ke nan ko labari. Yanzu ma da aka ce kulle, kayan abincin da ya sayo sai da ya raba biyu daidai da ɗakin amarya, ita da ba ta da ko ɗa ɗaya, ni da bakuna bakwai. Na yi magana ya ce adalci ke nan. Maman Ummi ki ce 'yar uwarki ce ta aiko miki, ki rufe bakinki.

Hajiya Maman Walid, Kaduna: Ƙarya ke nan kike koya mata, ana shirin shiga azumi.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya ke mijinki albashi yake ɗauka, ba ki san abin da muke gani ba.

Maman Ummi, Kurna: Don Allah kada ku yi faɗa a kaina. Ba wai ban yarda da Baban Ummi ba ne, mutumin kirki ne. Matsalarsa hannu. In ya ji akwai kuɗi, kafin la'asar ya aika wa yayarsa ta Rijiyar Lemo da wani abu, ya ba Auta na kati, ni kuma kekena ya tafi ke nan. Kuma yara huɗu a ɗakinmu ba zai yiwu ba, Ummi ta girma, shekararta goma sha uku.

Ummu Aisha: Ba wanda ya yi maganar ruwa. Famfonku yana kawowa? In 'yan garuwa ba su fito ba fa? Duk wankin hannun da ake ta faɗa a rediyo da ruwa ake yin sa. Ki cika duk wani baho da jarka da randa gobe. Da gawayi, ko buhu ɗaya ne.

Maman Ummi, Kurna: Rabonmu da ruwan famfo har na manta. Kura muke saya. Na gode, wannan zan yi.

Da daddare:

Maman Ummi, Kurna: Na dawo daga kasuwar unguwa. Na sayi shinkafa 'yar Hausa kwano biyar, masara kwano shida, gero da wake da tsamiya saboda kunu da ƙosan azumi, manja, man gyaɗa, garin kwaki, sukari, gawayi da sabulu. Tumatir rabin kwando na samu da araha, na markaɗa, yana kan wuta, zan bar shi ya ƙafe in zuba masa mai a kai. Na ɗinka takunkumi shida. Maganin Hajiya na mako biyu na karɓo. Dubu tara ta rage, na ajiye.

Hajiya Maman Walid, Kaduna: Shinkafa dai sai da kika saya. To me ya sa kika tambaye mu? Masarar an kai surfe?

Sista Maman Hanif: Auta fa?

Maman Ummi, Kurna: Surfe sai gobe in Allah ya kai mu. Sista, na ba shi takunkumin, ya yi dariya ya rataya a ƙusa. Na ɗan taɓa wa Baban Ummi maganar, ya ce ai yaron ya riga ya kwana uku a ɗakin, in ma akwai abin ya riga ya faru, kada in tayar wa Hajiya da hankali jininta ya hau. Ni ma na ga kamar da gaskiyarsa. Kuma taga a buɗe suke kwana.

Sista Maman Hanif: Ba haka abin yake ba, kowane dare ƙarin haɗari ne. Ko a tsakar gida ne ya shimfiɗa tabarma da gidan sauro, ai zafi ake yi, maza da yawa a waje suke kwana yanzu.

Amaryar Ɗorayi: Ku bar yaro ya kwana kusa da uwarsa don Allah, kun mai da shi kamar kuturu.

Maman Ummi, Kurna: Zan gani dai Sista. Ba ni ce mai gidan ba.

Anti Mai Awara: Wai don Allah masu sana'a a ƙofar gida ma dokar ta shafe su? Na riga na jiƙa waken suya kwano biyu.