Neman shawara: aikin rukuninmu na rigar da za ta gargaɗi manomi a kan zafi

Mai tambaya, ɗaliba a Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a fannin kimiyyar kwamfuta, kuma a wannan zangon muna ɗaukar darasin tsara na'urorin da ke mu'amala da mutum, wato yadda ake ƙera abin da zai gane halin da mai amfani da shi yake ciki, ya kuma ba shi amsa. An raba mu rukuni-rukuni, mu biyar ne a namu, aka ce kowane rukuni ya haɗa tufa mai ɗauke da na'ura, ya gwada ta a jikin mutane, sannan ya kare aikinsa a gaban malamai.

Abin da na kawo wa rukuninmu shi ne mu yi 'yar shara ta manoman rani, wadda za ta auna zafi ta kuma girgiza idan lokacin hutu ya yi. Mahaifina yana noman shinkafa a fadamar Argungu, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, yakan dawo gida da ciwon kai da jiri, amma ba ya yarda cewa rana ce ta jawo. Mutum ɗaya ya goyi bayana. Biyu kuma suna son mu yi babbar riga mai ƙananan fitilu da za su bi zanen askar da ke ƙirjinta, su riƙa haskawa daidai da bugun kiɗa a wurin biki, domin a ganinsu ita ce za ta burge malamai. Na biyar ɗinmu ba ya halartar zama, ba ya kuma cewa komai.

Ina roƙon ku taimaka mini da shawara a kan wanne ya kamata mu ɗauka, da yadda na'ura za ta zauna a jikin yadin da ake yi wa gumi ana kuma wankewa, da yadda zan tafiyar da rukunin ba tare da mun ɓata da juna ba. Kuɗin kayan daga aljihunmu zai fito, saboda haka ba mu da halin ɓarna.

Wani injiniyan lantarki daga Jega:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zan fara da batun kaya, tunda shi na fi sani. Allon Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni don ya sarrafa na'ura, an fara shi ne a 2005 a wata cibiyar koyar da irin wannan darasi naku a garin Ivrea na Italiya, domin ɗaliban da ba injiniyoyi ba su iya ƙera abu da hannunsu, don haka kada girman aikin ya tsorata ki. Akwai nau'insa da aka yi musamman don ɗinkawa a tufafi, wato LilyPad, wanda Leah Buechley ta tsara aka fitar a 2007. Zagayayye ne, faɗinsa kusan santimita 5, yana da manyan huji a gefe inda ake zura allura da zare mai ɗaukar wuta maimakon waya. Idan bai samu ba ko ya yi tsada, wani allon mai suna ESP32 yana wadatarwa, yana da Bluetooth a jikinsa, sai dai shi ba a ɗinka shi, sai a yi masa gida.

Wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne zaren. Iri biyu ne aka fi samu: mai rufin azurfa da na baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa. Na azurfa ya fi laushi da daɗin ɗinki, amma gumi yana dusasar da shi, sai wutar da yake ɗauka ta riƙa raguwa, na'ura ta fara ba da ƙarya ba tare da an gane dalili ba. Ga rigar gona, na ƙarfen za ku nema. Ku kuma taƙaita tsawon layin, domin duk yadda zaren ya ƙara tsawo haka yake ƙara rage ƙarfin wuta, sannan kada layi biyu su taɓa juna idan rigar ta naɗe.

Babbar shawarata ita ce duk abin da ke da batir ya zama ana iya cire shi. Ko kamfanin Google da ya haɗa kai da kamfanin tufafi na Levi's suka fitar da jaket ɗin Jacquard a 2017, abin da suka yi ke nan: zaren yana saƙe a hannun rigar, amma ƙwaƙwalwar na'urar ƙaramar aba ce da ake ɓallewa kafin wanki, kuma duk da haka sun ce rigar kimanin wanki goma za ta jure. Kafin ku sayi komai, ku gwada haɗa da'irar lantarkin a kwamfuta, a shafin intanet na Wokwi ko Tinkercad, kyauta ne, za ku ga kurakuranku kafin ku ƙona allo.

Wata mai ɗinki a Argungu:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tuna da mahaifinki. Ni ban san na'ura ba, amma na daɗe ina ɗinka wa manoma da masunta tufafi, kuma ina so ki lura da yadda manomin shinkafa yake aiki. Yana sunkuye ne yawancin yini, ruwa na kai masa ƙwauri, yana goge fuska da gefen rigarsa, kuma idan rana ta take yakan tuɓe rigar gaba ɗaya ya rataya a kafaɗa ko ya jefa kan kunya. Da ya dawo gida za a jiƙa ta a ruwan omo, a cuɗe ta da ƙarfi, a matse, a shanya a rana. Duk abin da kuka ɗinka a aljihun ƙirji zai riƙa lilo yana bugunsa idan ya sunkuya, kuma ba zai kwana biyu yana haƙuri da shi ba.

Ku nemi tela tun yanzu, ku zauna da shi kamar ɗaya daga cikinku, kada ku bari sai kun gama haɗa wayoyinku sannan ku kai masa ku ce ya san yadda zai yi. Shi zai nuna muku inda ɗinki ke shan wahala, kamar hammata da kafaɗa, da inda yake zaune lafiya, kamar bayan wuya. Zai iya yi muku shafi na yadin auduga mara nauyi ya ɓoye zaren a tsakani don kada ya taɓa fata, ya kuma sa maɓallan ƙarfe masu dannawa inda za a riƙa ɓalle na'urar. Kada ku yi amfani da yadin roba, yana riƙe zafi, sai ku ƙara wa mutumin abin da kuke so ku rage masa. Ni da zan zaɓa ma, da malfa zan duba, domin ita ce ba ya cirewa idan rana ta yi zafi, kuma ba a wanke ta.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Yauri:

Ƙanwata, manufarki kyakkyawa ce, amma ki kiyaye abin da za ki ce rigar tana yi. Zafin fata daban yake da zafin cikin jiki, kuma sensa, wato 'yar na'urar awo, da ke jikin yadi a tsakiyar rana zafin yadin za ta auna. Bugun zafi mai kisa yana zuwa ne idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 tare da ruɗewar hankali, kuma wannan ba abin da aikin ɗalibai zai iya ganowa ba ne. Idan rigar ta yi shiru manomi ya ɗauka lafiya lau yake alhali yana jin jiri da tashin zuciya, kun cutar da shi.

Abin da za ku iya yi da gaskiya shi ne auna zafin iska da danshinta, domin a fadama danshi yana hana gumi bushewa, jiki kuma da bushewar gumi yake huce kansa, sannan ku ƙidaya tsawon lokacin da mutum ya yi a cikin wannan hali, ku tuna masa ya nemi inuwa ya sha ruwa. Ku tuna kuma akwai masu azumi, don haka saƙon kada ya tsaya kan shan ruwa kaɗai.

Wani tsohon ɗalibi daga Zuru:

'Yar'uwa, ina so in ɗan kare abokan aikinki biyu. Babbar rigar nan ba shirme ba ce: ta fi sauƙin gwadawa a cikin aji, tana da masu saye, kuma haɗa fitilu da bugun kiɗa aiki ne na gaske. Sai dai ni ma naki na fi karkata gare shi, saboda malaman wannan darasi sukan fi tambayar wa kuka yi wa abin, me ya faɗa muku, kuma me kuka canza bayan ya gwada. Ke kina da mutanen da za ki tambaya.

Kada ku raba gardamar da ƙuri'a, domin wanda aka kayar yakan janye jiki. Ku je fadamar ku duka, ta hannun mahaifinki ko sarkin noman yankin, ku nemi izinin manoma kafin ku ɗauki hoto ko murya, ku tafi da riga ko malfa wadda kuka saka wa akwatin ashana a madadin na'ura, ku ga ko za su yi aiki da ita. Jakob Nielsen, masani a fannin sauƙin amfani da kwamfuta, ya nuna cewa gwaji da mutum biyar yakan fito da mafi yawan matsalolin amfani, don haka ba sai kun tara jama'a ba. Masu son fitilu kuma ku ba su ɓangaren gargaɗi: shin girgiza ce ta fi, ko ƙara, ko haske? A tsakiyar rana ba a ganin ƙaramar fitila, kuma ƙarar injin ban ruwa tana danne ƙaramin sauti, wannan kuwa bincike ne da zai ba su abin faɗa a ranar karewa.

Shi kuma na biyar, ki same shi shi kaɗai ki tambaye shi da mutunci, domin sau da yawa rashin kuɗin karo-karo ne ko jin cewa bai iya ba yake sa mutum ya ɓuya. Ki ba shi aiki guda mai iyaka da ranar kawowa, kamar rubuta hirar manoma. Ku riƙa rubuta wanda ya ɗauki me a kowane zama, kowa ya sa hannu, idan abin ya ƙi sai ku kai wa malami takardar tun da sauran lokaci.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa rukuninmu amsoshinku, kuma mun amince za mu je Argungu ranar Asabar da riga da malfa duka. Yaya injiniya, idan malfar muka ɗauka, ina za mu sa batir, tunda rana a kanta take sauka? Kuma wace sensa ce ta dace da abin da Anti ma'aikaciyar jinya ta bayyana?

Injiniyan daga Jega:

Kada batirin ya hau kan malfa ko kaɗan, ƙanwata. Batirin lithiyam mai bolt 3.7 ba ya son zafi, yana iya kumbura har ya kama wuta idan ya yi zafi sosai ko aka huda shi, kuma ba a cajinsa idan zafinsa ya wuce digiri 45. Ku sa shi a ƙaramar jaka mai tauri da za a ɗaura a ƙugu ƙarƙashin riga, ku ja siririyar waya mai rufi ta bayan wuya zuwa malfar, da mahaɗin da zai ɓalle da kansa idan malfar ta faɗi. Sensa kuma ku ɗauki DHT22, tana auna zafi da danshi tare, kuma ta fi DHT11 da iyakarta digiri 50 ce. Ku rataye ta a ƙarƙashin bakin malfar inda inuwa take kuma iska ke ratsawa, nesa da goshi don kada gumi ya jiƙa ta. Ranar Asabar ku tafi da ma'aunin zafi na hannu, ku rubuta abin da ya nuna a inuwa da kuma a rana kowace awa, domin da waɗannan alƙaluman za ku tsayar da matakin da na'urar za ta fara girgiza.