An tura ni Addis Ababa, in karɓa ko in nemi canji?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙaramin ma'aikaci ne ni a ma'aikatar harkokin wajen Najeriya, kuma takarda ta fito an tura ni ofishin jakadancinmu na Addis Ababa, ɓangaren da ke hulɗa da Tarayyar Afirka. Raina ya so Jidda ko Landan. Abokan aiki suna ta tsokana wai an jefa ni inda babu maiƙo. Ina da mata da yara biyu. Don Allah wanda ya san wurin ya ba ni shawara.

Wani dattijo da ya yi ritaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, masu yi maka dariya ba su san aikin ba. A can jakadanmu hula biyu yake sawa, jakada ne a Habasha kuma wakilin dindindin a Tarayyar Afirka. Ƙasashe 55 ne a ƙungiyar, kuma kwamitin wakilan dindindin shi ke dafa duk abin da ministocin waje za su duba kafin ya kai gaban shugabanni a taron Fabrairu. Wa kake tsammani ke kwana kan waɗannan takardu? Ku ne ƙanana. Ga kwamitin sulhu da tsaro mai kujeru 15, wanda Najeriya take ciki tun 2004, shi ne ya dakatar da Nijar a Agustan 2023. Bankole Adeoye, wanda ya taɓa riƙe kujerar jakadan nan, ya zama kwamishinan siyasa da tsaro na Tarayyar Afirka a 2021. A Jidda kuwa, fasfo da matsalar alhazai za su cinye maka shekaru.

Wata 'yar'uwa:
Yaya, ka tafi da iyalinka. Mun zauna shekara uku. Garin yana kan tudu sama da mita 2,300, sanyi kamar Jos ko ya fi, satin farko haki za ka riƙa yi. Masallatai da naman halal ba matsala. Amma ka tambayi kuɗin makarantar yara tun yanzu, da tsada.

Wani ɗan Maraɗi:
Malam, kana jin Faransanci? Akwai tafinta a zauren taro, amma a baranda ake ƙulla magana, can kuwa babu tafinta.

Mai tambaya:
Baba na gode, hankalina ya kwanta. Faransancin dai "bonjour" kawai na iya. Akwai wanda ya san malami a Abuja?