Tsohuwa ta ƙi barin gidanta, me za a gyara mata?

Auta:
Assalamu alaikum. Dattijuwa ce mai shekara 78, da hankalinta, tana dogara sanda. Ta ce ba za ta bar gidanta ta koma wajen 'ya'ya a birni ba. Daga ina za a fara gyara?

Magini:
Wa alaikumus salam. Banɗaki tukuna. Tsuguno a masai ba wuya, miƙewar ce ke kayar da tsoho. A yi mata na zama, tsayinsa santimita 43 zuwa 48, ko a ɗora kujera mai rami a kan wanda ke nan. A sa ƙarfen dafawa a gefe, santimita 80 zuwa 90 daga ƙasa. Amma bulo mai rami ba ya riƙe sukuru, balle ginin ƙasa. Ranar da ta sakar masa nauyinta, ranar zai fizge. Gara mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe, a haƙa rami a kafa ƙafafunsa da kankare. Tayil mai sheƙi in ya jiƙe santsi ne zalla, daɓen siminti mai kaushi ya fi shi. Dokin ƙofa kuma a yi masa gangara: kowane inci ɗaya na tudu, ƙafa ɗaya ta tsawo.

Ma'aikaciyar jinya:
Haka ne, Malam, sai dai dare ya fi ba ni tsoro. Mai shan maganin hawan jini in ta miƙe zumbur domin fitsari ko sallar asuba, jini na iya sauka, jiri ya ɗebe ta. Ta zauna bakin gado minti ɗaya, ƙafa a ƙasa, sannan ta tashi. Fitila mai sola ta kwana a kunne tun daga gado har ƙofa, a ajiye fo kusa, a naɗe tabarma da dardumar da ke kan hanya. Alwala a zaune kan kujera. Karayar ƙugu ga mai irin shekarunta tana kwantar da mutum watanni, wani ba ya sake takawa.

Lokacin hunturu kar a bar mata gawayi a rufaffen ɗaki, iskarsa ba ta da wari amma tana kisa.

Yayar gida:
Ƙarfe ba ya ɗaga wanda ya faɗi. Jika ko 'yar uwa ta riƙa kwana da ita. Waya mai manyan maɓallai a rataye a wuya, maƙwabta su riƙe makulli ɗaya, kuma ta daina saka sakata ta ciki.